Gwiwar hannu: me ya sa karayarta a jikin yaro ba ta jiran gobe

Idan yaronku ya faɗo daga bishiya, ko daga kan katanga, ko daga bayan jaki, ya dafa ƙasa da tafin hannu, sannan gwiwar hannun ta kumbura ya ƙi yarda a taɓa, ku ɗauka karaya ce har sai hoton ƙashi ya nuna ba ita ba ce. Ku kai shi asibiti a ranar, ko da dare ne. Mun san iyaye da yawa a Wudil da garuruwan da ke kewaye da ita, daga Utai zuwa Darki da Indabo, gidan mai ɗori suke fara nufa, kuma ba don rashin son ɗansu ba. Mai ɗori yana kusa, kuɗinsa da sauƙi, an kuma ga waɗanda ya ɗora suka warke sumul. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, gwiwar hannu ta sha bamban da tsakiyar cinya ko ƙwauri, kuma bambancin yana cikin ƙirarta.

Yadda gwiwar hannu take daga ciki

Ku shafa gwiwar hannunku yanzu. Za ku ji tudu uku: ɗaya ta ciki, ɗaya ta waje, sai mai tsinin nan na baya da ake dogarawa idan an kishingiɗa. Ƙasusuwa uku ne suka haɗu a wurin. Na farko ƙashin damtse, wanda ya sauko daga kafaɗa. Ƙarshensa na ƙasa ya baje ya kasu biyu, ɓangaren ciki kamar kwarkwaron zare, na waje kamar rabin ƙaramar ƙwallo. Na biyu ƙashin sangalin hannu na gefen ƙaramin yatsa. Kansa kamar bakin sifana yake, ya cafke kwarkwaron nan yana lilo a kansa, da haka hannu ke lanƙwashewa yana miƙewa. Na uku ƙashin sangali na gefen babban yatsa, mai zagayayyen kai kamar murfin kwalba, wanda ke juyawa a kan rabin ƙwallon, ga wata jijiya mai kama da zobe ta kewaye wuyansa ta riƙe shi. Shi ne ke ba ku damar kife tafin hannu, ko juyo shi sama don karɓar canji. Duka ukun cikin jaka ɗaya suke, guringuntsi ya lulluɓe fuskokinsu, da ɗan ruwa mai santsi da ke hana gogayya.

Kafaɗa tsoka ce ta fi riƙe ta, shi ya sa take da sakewa. Gwiwar hannu kuwa babban rabon ƙarfinta daga dacewar ƙasusuwan yake zuwa, sun shiga juna kamar mukulli da kwaɗonsa. Mukullin da ya ɗan lanƙwashe kaɗan, ko dai ya ƙi juyawa, ko ya riƙa cin cikin kwaɗon har ya lalata shi.

Likitocin dabbobi sun fi kowa ganin wannan a zahiri, a jikin kare. Kare yana ɗora kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a ƙafafun gaba, gwiwarsa ta gaba kuma ƙasusuwa ukun nan ne dai. A manyan karnukan ƙasashen waje da ake ajiyewa don gadi, irin su Alsatian da Rottweiler da Labrador, yakan faru ƙasusuwan sangali biyun ba su girma daidai da juna ba. Bambancin bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba, amma ya isa ya tara nauyi a wuri ɗaya, har wani ɗan ɓangaren ƙashi ya tsage ko guringuntsi ya ɓare. Kwikwiyo ya fara ɗingishi da ƙafar gaba tun bai cika shekara ba, kafin ya manyanta gaɓar ta cinye. Matsalar tana bin jini, har ta kai likitocin dabbobi da masu kiwo suka kafa ƙungiya ta duniya a kanta a 1989 domin a riƙa tantance karnuka kafin a haɗa su barbara. Mai irin wannan kare, ko mafaraucin da karensa ke ɗingishi ba tare da rauni ba, likitan dabbobi zai nema, kuma kada ya ba shi ibuprofen ko diclofenac na mutane, domin suna iya huda wa kare ciki su kashe masa ƙoda. Mu mutane ba ma tafiya da hannu, saboda haka wannan ciwon na gado bai dame mu ba. Amma darasin ɗaya ne: a wannan gaɓa, gocewar milimita biyu ba ƙaramin abu ba ne. Abin da gado ke yi wa kare, karayar da ta haɗe a karkace ce ke yi wa ɗan Adam.

Sai kuma maƙwabtan gaɓar. Babbar jijiyar da ke kai jini ga sangali da yatsu ta gaban gwiwar take wucewa, dab da ƙashi. Ita ce wadda ma'aikacin lafiya ke ɗora abin sauraro a kanta idan yana awon hawan jini. Jijiyoyin saƙo guda uku, masu sa yatsu motsi da jin taɓi, su ma nan suka ratsa: ɗaya tare da jijiyar jinin, ɗaya ta gefen waje, ɗaya ta bayan tudun ciki. Ta ukun ita ce idan kun bugi gwiwa da ƙofa kuke jin kamar lantarki ya ja ku har ƙaramin yatsa. A ƙasa da su akwai tsokokin sangali, waɗanda ke ƙunshe cikin tantani mai tauri da ba ya buɗewa. Ku riƙe wannan tantanin a zuciya, za mu dawo kansa.

Inda ƙashin yaro ke karyewa

Dab da saman gaɓar, ƙashin damtse yana da rami ta gaba da rami ta baya, inda kan ƙashin sangali ke shiga idan an lanƙwashe hannu ko an miƙe shi. Tsakanin ramukan biyu ƙashin siriri ne ƙwarai, musamman ga yaro. Idan yaro ya faɗo ya dafa ƙasa hannu a miƙe, tsinin bayan gwiwa sai ya daki wannan siririn wuri ya karya shi. Ita ce karayar gwiwar hannu da aka fi gani a yara, ta fi yawa tsakanin shekara 5 zuwa 7, kuma hannun hagu ya fi samunta. Lokacin mangwaro, daga Maris zuwa Mayu, lokacinta ne. Haka faɗowa daga amalanke, daga babur, ko a wajen langa da ƙwallo.

Likitocin ƙashi suna raba ta hawa uku, bisa tsarin wani likita ɗan Amurka mai suna Gartland da ya fitar a 1959. Hawa na farko ƙashin ya tsage amma bai motsa ba. Na biyu ya karye ya karkata, bayansa na riƙe. Na uku ya rabu gaba ɗaya, kaifin ɓangaren sama ya turo gaba, daidai inda jijiyar jini da jijiyar saƙo suke kwance. Da ido ko da lalube ba a iya rabe waɗannan ukun da tabbaci, domin kumburi ya rufe komai. Ko da hoton ma sai wanda ya saba, saboda gwiwar ƙaramin yaro yawancinta guringuntsi ce da ba ta fitowa a hoto. Wurare shida ne ke zama ƙashi ɗaya bayan ɗaya, a wajen shekara 1, 3, 5, 7, 9 da 11. Saboda haka idan likita ya ce a ɗauki hoton lafiyayyen hannun ma, ba neman ƙarin kuɗi yake ba, kwatantawa zai yi.

Abin da ɗauri mai tsanani ke yi

Karaya takan ci gaba da kumbura har kwana biyu zuwa uku. Idan aka jera karare ko tsinken gora aka zagaye hannun, aka ɗaure tamau a ranar farko, kumburin ba shi da wurin zuwa. Daga ciki ga tantanin nan da ba ya buɗewa, daga waje ga ɗauri. Matsi sai ya ƙaru har ƙananan hanyoyin jini su toshe. Tsokar da ta rasa jini na awa 6 zuwa 8 ta fara mutuwa ke nan, kuma tsokar da ta mutu ba ta dawowa. Tabo ne ke maye gurbinta, tabon ya tsuke, ya janyo wuyan hannu da yatsu su ƙudundune kamar ƙafar kaza. Wani likita Bajamushe, Richard von Volkmann, ya bayyana wannan tun 1881, kuma ya ɗora laifin a kan ɗauri mai tsanani. Har yau da sunansa ake kiran nakasar. Idan jinin ya yanke ɗungurungum, yatsu su yi baƙi, hannun ya fara wari, ba abin da ya rage sai yankewa don a ceci ran yaron. Rahotannin likitocin ƙashi daga asibitocin Najeriya sun sha nuna cewa ruɓewar da ke biyo bayan ɗori tana cikin manyan dalilan yanke wa yara hannu a ƙasar nan.

A yi adalci: filastar asibiti ma, wadda wasu ke kira siminti, tana iya matsewa ta yi irin wannan ɓarna. Shi ya sa a kwanakin farko ba a zagaye hannun da ita, rabi ake sakawa ta baya a naɗe da bandeji, kuma ake ce muku ku dawo nan take idan kun ga canji. Ɗauri kowane iri ne, na gida ko na asibiti, alamomin haɗarinsa ɗaya ne.

Alama ta farko kuma mafi muhimmanci ita ce ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa. Karayar da aka tallafe daidai tana lafawa cikin 'yan awoyi. Yaron da ke ta tsala ihu cikin dare, magani bai kwantar da shi ba, yana cewa a kwance masa, gaskiya yake faɗa. Ba raki ba ne, kuma ba alamar ƙashi na haɗewa ba ce kamar yadda ake faɗa wa iyaye. Ku gwada miƙe masa yatsu a hankali. Idan hakan ya sa ya zabura da ciwo a cikin sangali, tsoka na shan wuya. Ku duba ko yatsun sun kumbura sun yi sheƙi, sun yi sanyi, sun yi fari ko shuɗi, ko ƙuraje masu ruwa sun fito a gefen ɗaurin, ko yana cewa ba ya jin su. Ku danna farce ya yi fari ku saki. Ya kamata jan ya dawo cikin daƙiƙa biyu. Kada ku jira duk alamomin su taru, kuma kada jin bugun jini a wuyan hannu ya kwantar muku da hankali, domin tsoka na iya mutuwa bugun yana nan. Ɗaya daga cikinsu ta isa: ku sassauta ɗaurin har fata, ku kama hanya.

Kafin ku isa asibiti

Kada a ja hannun, kada a yi ƙoƙarin miƙe shi ko lanƙwashe shi. A bar shi yadda yaron ya riƙe shi, a tallafe da kwali da aka naɗe da tsumma mai laushi, a rataye da ɗankwali ko mayafi, sakwa-sakwa yadda yatsa zai iya shiga. A cire zobe, awarwaro, kambu ko duk wani zare da ke hannun tun kumburi bai riƙe su ba. Idan akwai rauni a wurin, ko ƙashi ya leƙo, a rufe da ƙyalle mai tsabta kawai. Ban da toka, ban da man shanu, ban da garin magani; irin wannan yaro yana buƙatar wanki a ɗakin tiyata da allurar tetanus. Ana iya ba shi farasitamol, miligiram 15 ga kowane kilo na nauyinsa, wato miligiram 300 ga yaro mai kilo 20. Sannan abin da iyaye suka fi mantawa: kada a ba shi abinci ko kunu don rarrashi. Idan aikin na buƙatar a sa shi barci, sai cikinsa ya yi kusan awa 6 ba abinci, kofin koko ɗaya a hanya zai iya jinkirta aikin.

Babban Asibitin Wudil shi ne wurin farawa mafi kusa. Za a duba jini da motsin yatsu, a tallafe hannun, a nemi hoto. Za ku ga ana ce wa yaron ya haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe, ya ɗaga babban yatsa sama, ya buɗe yatsu ya rufe. Ba wasa ake masa ba, kowane motsi gwajin ɗaya daga jijiyoyin saƙon nan uku ne. Idan ƙashin ya goce, ko jini ba ya sauka sosai, za a tura ku Kano, tafiyar kimanin kilomita 40: Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe tun 1959, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Asibitin Murtala. Ku karɓi takardar turawa da hoton ku wuce kai tsaye, kada ku koma gida shawara. Idan ranar Juma'a ce, ku tuna kasuwar kara na ci, hanya kan cushe wajen gada, sai ku tashi da wuri.

Hawa na farko filasta kawai yake so, ta kimanin mako 3. Wanda ya goce kuwa sai an sa yaron barci, a mayar da ƙashin mazauninsa ana kallo ta na'urar hoto, a soke shi da siraran ƙarafa biyu ko uku masu kaurin tsinken ashana. Galibi ba a ma yanka fata. Bayan mako 3 zuwa 4 a zare su a ɗakin duba marasa lafiya. Muna nanata wannan saboda tsoron da ke hana mutane zuwa: cewa asibiti yanke hannu suke yi, ko kuma ƙarfe zai zauna a jikin yaro har abada. Yaron da aka kawo a ranar da ya faɗi kusan ba a taɓa yanke masa hannu. Wanda ake yankewa shi ne wanda aka kawo bayan hannun ya riga ya mutu a gida, sai labari ya koma gari cewa asibiti ne suka yanke.

Maganar kuɗi gaskiya ce, ba ma musunta. Ku tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin, ku kuma bincika ko iyalinku na cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na Jihar Kano. Amma ku auna da cewa gyaran hannun da ya haɗe a karkace ya fi aikin ranar farko tsada da wahala nesa ba kusa ba.

Karayar da ba ta da hayaniya

Akwai wata da ta fi yaudara. Ɓangaren waje na ƙashin damtse, mai rabin ƙwallon nan, yakan ɓalle shi kaɗai. Kumburin kaɗan ne, ta gefe ɗaya, yaro ma yana ɗan motsa hannun, sai a ce targaɗe ne. Amma wannan karayar ta ratsa cikin gaɓar, ruwan gaɓa na shiga tsakani, tsoka kuma na jan guntun, saboda haka takan ƙi haɗewa. Idan gocewar ta wuce milimita 2 aiki ake yi, idan ba ta kai ba a sa filasta a sake hoto cikin mako guda, domin tana iya zamewa a cikin filastar. Kada ku tsallake wannan hoto na biyu. Wadda aka bari, hannun kan riƙa karkata waje a hankali yayin da yaro ke girma, jijiyar bayan gwiwa ta riƙa miƙewa, sai bayan shekara goma ko ashirin mutum ya ga ƙaramin yatsansa ya mutu, tsokar tafin hannu ta zube, ya ma manta ya taɓa faɗuwa.

Karayar saman gaɓa kuwa idan ta haɗe a karkace, hannun ciki yake lanƙwasowa, kamar gindin bindiga. A lafiyayyen hannu, idan kun miƙe shi tafi na kallon gaba, sangali yakan ɗan buɗe waje da digiri 5 zuwa 15, abin da ke hana bokiti bugun cinya idan an ɗauko ruwa. Karkatar da ta juya wannan ba ta gyaruwa da girma, duk da ana cewa ƙashin yaro na gyara kansa. Yana gyarawa a wasu wuraren, amma ƙarshen ƙashin damtse na ƙasa kaɗan yake bayarwa a tsawon hannu, saboda haka gyaransa kaɗan ne.

Bayan an cire filasta

Hannun zai fito a ƙage, ba ya miƙewa sosai. A nan ne kakanni da maƙwabta ke shigowa da shawara: a gasa da ruwan zafi, a murza da man zafi, a danne a miƙe da ƙarfi, a ba shi bokitin yashi ya riƙa ɗauka. Duk ku ƙi. Gwiwar hannu gaɓa ce mai fushi. Murza da ja da ƙarfi suna yayyaga tsokar gabanta, jini ya taru, jikin ya mai da wurin ƙashi a cikin tsoka, hannun ya kulle ɗungurum. Yaro da kansa yake warware hannunsa wajen wasa da cin abinci, cikin makonni zuwa watanni, wani har shekara. Idan ana buƙatar taimako, likitan gashin ƙashi ne zai nuna motsin da yaron zai yi da ƙarfin kansa.

Ba dole sai hannu ya dawo cif ba kafin ya yi amfani. Lafiyayyar gwiwa tana tafiya daga miƙe sak zuwa wajen digiri 145, amma binciken da likita Morrey da abokan aikinsa suka yi a Amurka a 1981 ya nuna yawancin ayyukan yau da kullum tsakanin digiri 30 da 130 ake yin su. Abin lura a wurinmu shi ne ko hannun dama na kai loma baki da ruwan alwala fuska, ko na hagu na isa wurin tsarki. Idan ɗayan waɗannan ya gagara bayan wata uku, ku koma wurin likita.

Yaron da bai faɗi ba

Iri biyu ne a nan, ɗaya mai sauƙi, ɗaya mai haɗari. Mai sauƙin yana samun yara 'yan shekara 1 zuwa 4. An fizgi hannun yaro don tsallake kwata, ko an cicciɓe shi da hannu ɗaya an wurga baya za a goya, sai ya yi ƙara ya saki hannun yana reto, tafi na kallon baya, ba kumburi. Jijiyar zoben nan ce ta zame ta maƙale a kan ƙashin, domin a wannan shekarun ba ta yi ƙwari ba. Ma'aikacin lafiya da ya iya yana mayar da ita cikin daƙiƙoƙi, kafin rabin awa yaro ya miƙa hannu ya karɓi alewa. Ba ta buƙatar ɗori ko kaɗan. Masu goyo, musamman yayyen da ake bar wa ƙanne, a koya musu ɗaukar yaro ta hammata biyu.

Mai haɗarin shi ne gwiwar da ta kumbura ta yi zafi, ga zazzaɓi, yaro ya ƙi motsa ta sam. Sau da yawa ƙwayoyin cuta ne suka shiga gaɓar ko ƙashin, mugunya ta taru, kuma tana iya cinye guringuntsi cikin kwana ɗaya ko biyu. Masu sikila sun fi shiga wannan haɗari, kuma a wurinsu yana kama da tashin ciwon da aka saba, sai a yi ta ba da maganin raɗaɗi a gida. Kusan kowane yaro za a iya tuna ya faɗi a makon, saboda haka kada tuna faɗuwa ya sa a kai mai zazzaɓi wurin ɗori. Kada kuma a yi sakiya ko tsaga ko ƙaho a kan gaɓa. Wankewa a ɗakin tiyata da allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya ne maganinsa. Kumburin da ya yi watanni yana tafiya a hankali, da rama da gumin dare, ana neman tarin fuka a cikinsa, domin tana kama gaɓa ko babu tari.

Manya fa?

A babba, faɗuwar da ke karya yaro gocewar gaɓa takan jawo, kuma bayan kafaɗa, gwiwar hannu ce babbar gaɓar da ta fi gocewa. Haɗarin babur a titin Kano zuwa Maiduguri na kawo irinta da yawa. A ranar farko mayar da ita aikin mintuna ne. Bayan mako 3 a goce sai tiyata, kuma da wuya ta koma yadda take. Ko an mayar, ba a barinta a ɗaure fiye da mako 2 zuwa 3, domin ta babba ta fi ta yaro saurin ƙagewa.

Ciwon tudun waje da ke damun masu daka, masu matse wanki, makanikai da masu lodin yashi a bakin kogi, gajiyar jijiyar tsoka ce a inda ta manne da ƙashi. Yana da naci amma ba ya nakasa gaɓa, mafi yawa suna warkewa cikin shekara guda idan an rage aikin da ke tayar da shi, aka kuma yi motsin ƙarfafa tsokar. Abin da muke tsoro shi ne maganin: diclofenac kullum na tsawon watanni, ko haɗin ƙwayoyin kemis da ba a san abin da ke ciki ba, suna kawo gyambon ciki da ciwon ƙoda. Allurar cikin wurin tana kwantar da ciwon na 'yan makonni, amma an gano yakan dawo fiye da na wanda bai yi ba. Wanda kuma ƙaramin yatsansa da na kusa da shi ke mutuwa, jijiyar bayan gwiwa ce ke matsuwa. Idan akwai wani farin tabo a fata da ba ya jin taɓi, a duba kuturta, wadda ke kumbura wannan jijiya, kuma maganinta kyauta ne.

Idan abin ya riga ya faru

Wataƙila kuna karanta wannan ne da yaro a gida wanda hannunsa ya karkace tun bara, ko yatsunsa suka ƙudundune bayan ɗori. Ku kawo shi, ba wanda zai tsare ku da faɗa. Hannun da ya karkace ana iya yanka ƙashin a daidaita shi, aiki ne da likitocin ƙashi suka saba. Guntun da ya ƙi haɗewa ana iya kafe shi, a kuma sauya wa jijiyar da ke miƙewa hanya tun ba ta mutu ba. Yatsun da suka ƙudundune sun fi wuya, amma ana saki tabon, a dasa jijiyar wata tsoka mai rai a madadin matacciyar, yaro ya samu riƙe cokali da alƙalami ko da ƙarfin bai cika ba, kuma sakamakon ya fi kyau idan ba a bar gaɓoɓin yatsun sun sandare ba. Ku zo da duk tsofaffin hotuna, ku faɗi watan da ya faɗi, kwana nawa ɗaurin ya yi, sau nawa aka kwance aka sake, da abin da aka shafa. Da wannan bayanin likita ke sanin aikin da zai yiwu da lokacin da ya dace a yi shi.